Jan Farce a Jikin Rodi

Akwai wani injiniyan gine-gine da takardar digirinsa ta yi shekara huɗu a ƙarƙashin katifa. Duk kamfanin da ya je sai a ce mai ƙwarewar shekara biyar ake nema. Waɗanda suka ɗauke shi na wucin gadi kuwa, albashin ko kuɗin mota ba ya kaiwa. 'Yan unguwa suka laƙaba masa Injiniya Ba-Ofis. Matarsa tela ce, da kekenta ake ɗora tukunya a gidan.

Ran nan sai wani ɗan kwangila ya kira shi. Yana gina wa wata Hajiya makaranta mai hawa biyu, ɓangare uku. Ya yanka masa albashi ninki uku na abin da ya taɓa karɓa.

Injiniya ya ce, "Ranka ya daɗe, mene ne aikin?"

"Aiki? Kai da ka sha wahalar karatu? Ka zo da safe, ka ƙirga rodin ginshiƙai, ka sa hannu, ka koma gida. Zuba kankare ai na leburori ne, kar rana ta dake ka."

Ya dawo gida baki har kunne. Matar ko ɗagowa daga kan keke ba ta yi ba.

"Maigida, ni ko riga ce aka kawo min, in mutum ya biya ninki uku bai yi ciniki ba, sai na sake juya yadin na duba."

"Ke dai ba kya son ki gan ni da takalmi mai ƙyalli."

"Ina so mana. Ƙafar da ke ciki nake ji wa."

Ranar farko ya duba ɓangare na ɗaya. Zanen ginin ya ce rodi takwas a kowane ginshiƙi, ya ƙirga, takwas cif. Ya sa hannu. Tun bai rufe biro ba ɗan kwangila ya riƙo hannunsa, ya raka shi har bakin titi, ya tsayar masa da mota, ya tsaya sai da motar ta sha kwana.

To jama'a, ni ban ƙarasa aji huɗu ba, amma a fannin shirya wa mutane tsiya babu farfesan da zai koya min. Rakiya in ta yi yawa, kora ce.

Injiniya ma jikinsa ya ba shi. A mota ya tuna tarin rodin da ya gani a gefen sito. Ko a mafarki ba zai ishi ɓangare uku ba, kuma mai gadi ya ce ba a jiran wata motar kaya.

Ranar duba ɓangare na biyu, ya ɗauke kwalbar jan farcen matarsa ya jefa a aljihu. Yana ƙirga rodi yana ɗiga musu ja a ƙasa, inda ido ba ya zuwa. Ya sa hannu, aka sake yi masa rakiyar nan.

Bayan kwana huɗu aka kira shi ɓangare na uku. Ya durƙusa gaban ginshiƙin farko, sai ga ɗigon ja yana kallonsa. Na biyu ma haka. Rodin da ya kamata a ce suna binne cikin kankaren ɓangare na biyu, ga su nan sun yi ƙaura.

Ashe da ya juya baya ake zare huɗu a bar huɗu, a rufe da katako a zuba kankare, sauran a kai su gaba su jira sa hannunsa.

Ya miƙe ya mayar da biro aljihu. "Ranka ya daɗe, yau ba zan sa ba."

Ɗan kwangila ya yi murmushi. "Ƙari kake so? Faɗi."

"Yara ne za su zauna a saman nan."

Murmushin ya ɗauke. "Kai, irinka dubu suna yawo a rana da takarda a hammata. Kafin la'asar zan samu wani. Fita!"

Kuma gaskiyarsa, zai samu.

Injiniya ya tsaya a bakin titi, wannan karon ba mai tsayar masa da mota. Aiki dai ya tafi. In ya yi shiru, ya rasa albashi kawai. In ya je wurin Hajiya, sa hannunsa ne a kan ɓangare biyu, da shi za a fara. Duk da haka ya nufi gidanta.

Hajiya ta saurare shi ta saman tabarau. "Ɗan nan, nawa ya hana ka da ka kawo ƙara?"

"Bai hana ni ba, Hajiya. Ƙari ma ya yi min tayi."

Ta nuna takardun duba ginin da ke gabanta. "Wannan sa hannun na waye?"

"Nawa ne. Na sa ban tsaya an zuba a gabana ba, laifina ne. A fasa ginshiƙi ɗaya. In an samu takwas, ki miƙa ni ga hukuma."

Washegari aka kawo guduma. Da kankare ya zube, Hajiya ta sa yatsa ta ƙirga da kanta. Huɗu. Ta sa aka fasa wani da ita ta zaɓa. Huɗu. Ɗan kwangila ya fara bayanin tsadar ƙarfe, ta ce ya adana bakinsa, zai buƙace shi gaban alƙali.

Ta juyo kan Injiniya. "Za ka karɓi aikin, a rushe abin rushewa a sake. Albashinka rabin wanda ya yanka maka, amma duk wata ba fashi. Kuma kar ka ɗauka na yarda da kai."

Tun daga ranar, duk zubin kankare Injiniya na tsaye a rana daga bokitin farko har na ƙarshe. Hajiya kuwa kujera ta kawo da lema, tana ƙirga rodi da ƙarfi leburori na dariya.

"Biyar, shida... Injiniya, matsa can, kana kare min na bakwai!"

Darasi: In aka yi maka tayin albashin da ya fi aikin girma, tsaya ka tambayi kanka me ake saye a wurinka. Sa hannunka amana ce, kar ka ɗora shi a kan abin da idonka bai gani ba, in kuma ka yi kuskure ka riga kowa faɗa. Ku tura wa duk mai neman aikin da kuka sani, tun ba a yi masa rakiya ba.