Kyanwar da Ta Kwanta Jikin Bango

Akwai wani mutum, maigida, wanda Allah ya ba shi son ganin cikin abu. Rediyo, agogo, tocila, babu wanda bai kwance ba, ko da yake ba duka ne suka sāke aiki bayan ya ɗaure su ba. Gidan da yake ciki mahaifinsa ne ya gina, tun zamanin da ƙwan fitila da fanka su ne iyakar aikin wuta. Shi kuwa da Ubangiji ya buɗa masa, sai ya sayi firiza biyu domin matarsa ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo, ya ƙara da dutsen guga da abin dafa ruwa.

To, a jikin bangon zaure akwai ɗan akwati, a cikinsa kuma akwai abin da masu gyaran wuta suke kira bireka. Aikinsa ɗaya ne: in kaya sun yi wa waya yawa, sai ya faɗi, ƙat, ya yanke wuta. Ya kuwa shiga faɗuwa safe da yamma.

Matarsa takan ɗaga murya daga tsakar gida ta ce, "Baban Habila, abokinka ya sāke suma! Ƙanƙarata tana zama ruwa."

Mutumin ya tsaya gaban akwatin, hannu a ƙugu, yana cewa, "Wai kai, me kake gani wanda ni ban gani ba?"

Sai ya kira Zakka mai gyaran wuta, ya ce a cire ragon nan a sa babba. Zakka ya ce, "Ana sa babba, Baba, amma sai na ga wayar da take cikin bango. In siririya ce, ita za a fara canzawa."

Mutumin ya ce, "A fasa mini bango? Bangon da na shafa wa fenti saboda Kirsimati? Sauka lafiya, ɗana, ka gai da gida."

Ya tafi kasuwa ya zaɓo bireka mafi girma, ya ɗaura da hannunsa. Daga ranar wuta ba ta ƙara yankewa ba. Ya riƙa jan baƙi zuwa zaure yana nuna musu, yana cewa, "Wasu sun yi makarantar abin, wasunmu kuwa da shi aka haife mu."

Ana nan, wata rana da damina aka wuni ana ruwa, gari ya yi sanyi. Jikarsa jaririya tana barci a ɗakin tsakiya. Sai ya ga kyanwar gidan ta bar gindin murhu, ta shiga ɗakin, ta miƙe jikin bango dab da katifar yarinyar. Matarsa ta kore ta, ta dawo. Ta sāke korarta da tsintsiya, ta sāke dawowa, wuri ɗaya ba ta kuskure ba.

Matar ta ce, "Wannan kyanwa da naci take, kamar mai gidanta."

Amma shi mutumin, abin ya ɗaure masa kai. Me zai sa kyanwa ta bar murhu ta zaɓi bangon siminti ranar sanyi? Ya durƙusa ya ɗora tafin hannu a sama, sanyi. Ya matsa gefe, sanyi. Da ya taɓa inda kyanwar take, sai ya ji ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Ya bi ɗumin da hannu yana rarrafe, ya ga ashe layi ne miƙaƙƙe, ya fito daga zaure, ya ratsa ta bayan gidan sauron jaririyar, ya nufi ɗakin firiza. Ya kai hanci, ya ji ƙaurin roba.

Nan take ya sunkuci yarinyar ya miƙa wa kakarta, ya ruga ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya aika a kira Zakka.

Da aka ɓalle simintin wurin, sai ga waya siririya ta yi baƙi ƙirin, robarta ta narke, jan ƙarfen yana waje tsirara. Zakka ya ce, "Baba, ka tambayi abin da tsohon birekan yake gani. Ga shi nan."

Mutumin ya dubi wayar, ya dubi katifar, ya ce, "Fasa."

Zakka ya ce, "Fentin Kirsimatin fa?"

Ya ce, "Fasa, na ce, har ɗakin firiza."

Aka fasa, gida ya cika da ƙura, aka ja sabuwar waya mai kauri. Sa'an nan ne Zakka ya ɗaura bireka daidai ƙarfinta, wuta ta zauna lafiya.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: gidan nan ranka ne. Kayan wutar su ne abubuwan da kake ta ɗora wa kanka, neman abinci, neman suna, har da hidimar ikilisiya. Wayar da take ɓoye cikin bango ita ce zuciyarka, wadda ba mai ganinta sai Allah. Birekan kuwa lamirinka ne, da bakin duk wanda yake iya ce maka, "Tsaya, ya isa."

Kada ka waiwayi na kusa da kai, da kai nake. Sa'ad da lamiri ya dame mu, mukan nemo babba, wanda ba ya faɗuwa. Mu bar abokin da yake faɗa mana gaskiya, mu kama mai cewa, "Ba kome, kowa ma yana yi." Sai shiru ya samu, mu ce salama ce, alhali ciki yana cin wuta, kuma ba mu kaɗai muke kwana a gidan ba.

Neman ƙaruwa ba zunubi ba ne. Amma Ubangiji yakan fara da ciki, kuma aikinsa yakan ɓata fenti. In ka daɗe rabonka da jin wani abu ya ce maka "tsaya", kada ka yi saurin ba da shaida ranar Lahadi. Je ka taɓa bango tukuna.