Ɗakin Gwaggo Hajo

Akwai wani ma'aikaci ana ce masa Yahya, ɗan asalin Daura ne amma aiki ya zaunar da shi a Kaduna. Ba talaka ba ne, yana da motarsa, albashinsa na shigowa. Maƙo ne kawai ya yi masa katutu.

Tun da aka raba gado aka sayar da gidan mahaifinsu, duk sanda ya kawo iyalinsa hutu a hotal suke sauka. Da aka ba yara dogon hutu a tsakiyar damina, sai ya ce wa matarsa Khairat:

"Ni fa na gaji da ciyar da masu hotal. Ga gidan Gwaggo Hajo a cikin gari, me zai hana mu sauka can?"

"Abban Musaddiq, ɗaki ɗaya ne fa mai kyau a gidan. Ita a ina za ta kwana?"

"Ke dai shirya kaya. Gwaggo za ta san yadda za ta yi."

Gwaggo Hajo ƙanwar mahaifinsa ce. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Da ƙuli-ƙuli take rufa wa kanta asiri. Yahya sunan mahaifinta ya ci, shi ya sa ba ta kiransa da komai sai "Babana". To jama'a, wa zai kalli ubansa ya ce masa babu wuri?

Da suka iso har rawa ta taka don murna. Kafin su gama sauke jakunkuna ta share ɗakinta na bulo mai rufin kwano, ta shimfiɗa musu sabon zanin gado, ta naɗe tabarmarta ta nufi tsohon ɗakin ƙasa da ke bayan madafa, inda take ajiye itace da tukwane.

Khairat ta bi ta da filo. Ta shiga ta duba ɗakin. Bangon ya tsage tun daga sama har ƙasa, kana hango hasken waje ta ciki. Azarar rufin ta lanƙwasa, ga kwanoni an jera a ƙasa suna tarar yoyo.

"Gwaggo, nan za ki kwana?"

"Yo 'yar nan, a ɗakin nan aka kawo ni amarya. Kar ki faɗa wa Babana, hankalinsa zai tashi."

Amma Khairat ta faɗa masa. Ya je ya leƙa da kansa, ya ga tsagar da idonsa. Ya juyo ya tambayi tsohuwar, da irin muryar mai neman a ce masa e:

"Gwaggo, ba dai matsala ko?"

"Haba Babana, wace matsala? Ni da ka tuna da ni."

Shi ke nan, ya samu abin da yake so ya ji. Wallahi wannan wurin ne ya fi ci mini rai. Ya san kara take yi masa, mu duka mun san yadda tsofaffinmu suke, amma ya karɓi maganar ya sa a aljihu.

Hutu ya yi masa daɗi. Ya kai yara rijiyar Kusugu, ya je kasuwar Kongolam ya sayo turamen atamfa, ya zauna majalisar abokai yana ba su shawara: "Duk wanda yake da dangi a gari kuma ya kama hotal, bai san ciwon kansa ba." Ana ta dariya.

Ruwa kuwa bai fasa sauka ba. Kullum da safe Gwaggo za ta fito tana zubar da kwanonin yoyo, tana tari, tana dama musu koko. Khairat ta roƙe ta ta dawo cikinsu su kwana tare. Gwaggo ta riƙe haɓa.

"Ni? Ɗaki ɗaya da Babana da iyalinsa? Rufa mini asiri."

Khairat ta koma kan mijinta har da kuka. "Don girman Allah mu koma hotal, ko na sauran kwanakin ne."

"Jibi fa za mu tafi. Ɗakin da ya fi ki shekaru, jibin ne zai gagare shi?"

Washegari bayan azahar hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas. Gwaggo ta kwashe ƙuli-ƙulinta daga tsakar gida, ta shige ɗakin ƙasa don ta ɗan miƙe bayanta. Yahya yana kwance a kan gadonta yana danna waya, ruwa na dukan kwano.

Sai suka ji rim! Har ƙasa sai da ta girgiza.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗakin ƙasan ne ya rufta. Da hannu Yahya ya riƙa tonon laka, yana kiran Gwaggo, Gwaggo. Maƙwabta suka shigo da shebur da fartanya. Suka ɗaga azarar da ta danne mata ƙirji, suka zaro ta da sauran numfashi.

A motarsa aka ɗauke ta zuwa asibiti, kanta a kan cinyar Khairat. A hanya ta buɗe ido da ƙyar.

"Babana..."

"Na'am Gwaggo, ga ni."

"Ruwan bai shiga ɗakinku ba ko?"

Ba su kai ƙofar asibiti ba ta cika.

A wurin zaman makoki dattawan unguwa suka riƙa kama hannunsa ɗaya bayan ɗaya. "Allah ya yi maka albarka, Yahya. 'Ya'yan yanzu sai hotal, kai kuwa ka zo ka zauna da gwaggonka, har ta cika a hannunka. Wannan shi ne zumunci."

Ya riƙa cewa amin, kansa a ƙasa. Daga cikin gida Khairat tana jin komai.

Darasi: Masaukin kyauta ba kyauta ba ne, akwai wanda yake biya da barcinsa ko lafiyarsa, kunya ce ta hana shi faɗa maka. Kafin ka sauke jakarka a gidan ɗan'uwa, je ka ga inda mai gidan zai kwanta. Ku tura wa masu shirin zuwa gida hutu, ko Allah zai sa wata tsohuwa ta kwana a ɗakinta.