Hukuncin Malam Lurwanu a Ɗakin Ces

An ce wai ranar da motar Malam Lurwanu ta wuce Talata Mafara, abin da ke cikin jakarsa bai wuce waɗannan ba: allon ces na naɗewa, 'ya'yan wasa talatin da biyu, tabarau, maganin hawan jini, da wasiƙa ɗaya.

Tsohon malamin lissafi ne, ya koyi wasan ces, darar nan mai sarki da sarauniya, a Masar. Wasiƙar kuwa daga Hajiya Dije take, shugabar wata makarantar 'yan mata. Malamanta biyu ne ke koya wa sababbin shiga ces, kuma sun raba ɗaliban gida biyu. Malam Mamuda da littafi yake koyarwa, ya hana nasa taɓa waya. Malama Barira da manhajar waya take koyarwa, tana kiran littattafan kayan tarihi. Rigima ta kai ɗaliban wannan ba sa zama allo ɗaya da na waccan.

Da ya iso, Hajiya Dije ta ce, "Allah ya gafarta Malam, na gaji. Ka zaɓa mini hanya ɗaya. In ba ta zaɓu ba, zan rufe ɗakin, kowa ya huta."

Malam Mamuda ya ce a bar shi ya kara da Malama, a gani. Ita ta ce, "Bismilla, in ka gama neman shafin."

Malam Lurwanu ya ce shi ba malamai ya zo gwadawa ba. Kowa ya kawo ɗalibar da yake taƙama da ita.

Aka kawo Saratu daga masu littafi. Malam Lurwanu ya shimfiɗa allo, ya jera 'ya'ya kamar an kai tsakiyar wasa, ya ba ta farare, ya ce, "Tafiyarki ce." Saratu ta daɗe tana kallo. Can ta ɗauki sarauniyarta ta cinye sojan da ke gaban baƙin sarki, tana murmushi. Malam Lurwanu ya sa sarkinsa ya cinye sarauniyar. Ta duba, ta sake dubawa, babu abin da ya biyo baya.

Ya mayar da 'ya'yan yadda suke, aka kawo Uwani daga masu waya. Ko zama ba ta gama yi ba ta kai hasumiyarta ta cinye doki. Sai ta ga layin bayanta ya zama fili. Ta ce, "Baba, tsaya in mayar."

Ya ce, "'Yata, a kan allo abin da hannu ya saki ya tafi." Ya zuro hasumiyarsa har ƙarshen layi. Sarkinta ya mutu a bayan sojojinsa uku.

Sannan ya juya ga Malama Barira. "Me ya ci Saratu?"

Ta amsa tun kafin ya rufe baki. "Littafi mana! Kowane zane a ciki an rubuta a ƙasa, fari zai kashe cikin tafiya biyu. Yarinya ta saba duk inda aka ajiye ta akwai abin mamaki. Nan kuwa babu komai, soja ɗaya za ta tura sarkinta ya sami mafita. Ni da zan same ta, wasa ɗari za ta buga har ta gane yawancin tafiya ba ta da ado."

"Kai fa, Malam? Me ya ci Uwani?"

Malam Mamuda ya gyara hula. "Waya! Ta yi kure, ta danna, a mayar mata. Yaushe za ta koyi tsoron hannunta? A ba ni ita wata guda, sai ta faɗi dalilin tafiya da bakinta kafin ta taɓa ɗa."

Malam Lurwanu ya fara tattara 'ya'yansa. Ya ce, "Hajiya, kin ji da kunnenki. Kowannensu ya san ciwon ɗaliban ɗan'uwansa, ya kuma faɗi maganinsa ba a roƙe shi ba. To, su yi musaya. Malam ya karɓi masu waya, Malama ta karɓi masu littafi. Ranar Alhamis a haɗa su allo ɗaya, kowace ta fuskanci mutum mai numfashi."

Malaman suka kalli juna. Ba wanda ya iya musu, don da bakinsa ya nema.

Malama Barira ta ce wa Malam Mamuda, "Malam, ka ara mini littafin nan mai jan bango, in ga abin da ka cusa musu."

Ya ce, "Sai kin nuna mini inda ake danna abin nan."

Malam Lurwanu ya rataya jaka, ya ce, "Wanda ya fi kowa ganin aibin hanyarka, kada ka kore shi. Ka ba shi ɗalibanka."

Hajiya Dije ta raka shi waje, ta ja ƙofar ɗakin ta rufe, muryoyin malaman na tashi a ciki. Ta ce, "Ɗakin nan ba zan rufe shi ba. Ranar Litinin za a yi musayar."