Rawanin Shehu a Wuyan Imurana

A cikin bayin Allah da suka zauna Nima tun tana 'yar unguwar masu shanu, babu wanda ya kai Shehinmu ilimi da tsantseni, Allah ya ƙara masa yarda. Don tsananin kunyarsa, ɗalibai kan ce ko wanzaminsa bai taɓa ganinsa ba rawani ba.

A shekarar girgizar ƙasa, wata Laraba da hantsi, Imurana ɗan Alidu ya faɗo daga kan mangwaro, ƙeya ta riga jiki isa ƙasa. Ido a buɗe, amma hannu da ƙafa ko motsi. Alidu, tsohon ɗan sanda mai ji da kansa, ya iso a guje, hankali a tashe. Shi abin da ya sani tun a bariki, in wuya ya ƙage sai a kama haɓa da ƙeya a fizga, shi ke nan. Har ya durƙusa ya kama haɓar yaron.

"Alidu, sauke hannunka."

Ya waiga, sai ga Shehu tsaye, ɗalibai biyu na bayansa ɗauke da ƙyauren zaurensa. Ashe tun yaron bai hau bishiyar ba, bawan Allah ya rufe littafi ana tsakiyar karatu, ya ce a ciro ƙyaure a biyo shi.

"Malam, wuya ne ya goce, bari in maida shi!"

"Wanda ya halicce shi zai maida. Kai dai kada ka motsa shi."

Sai Shehu ya kai hannu ya warware rawaninsa a bainar jama'a, kowa ya sunkuyar da kai. Ya naɗe wuyan yaron da shi a hankali yana addu'a, aka zura ƙyauren ƙarƙashinsa aka kai shi gida.

Kwana arba'in zauren Shehu na buɗe ba ƙyaure, yaron na kwance a kan ƙyauren. Ran na arba'in Imurana ya motsa babban yatsan ƙafa, Alidu ya ratsa kasuwa ba takalmi yana kabbara. Wani mai ɗori da aka kira ya shafa wuyan, ya ce da an fizga, da kafin la'asar an yi jana'iza. Alidu ya dubi hannuwansa ya fashe da kuka.

Da yaron ya miƙe, uban ya wanke rawanin ya kawo.

Shehu ya ce, "Ajiye masa, zai naɗa."

Da shi kuwa Malam Imurana ya yi limanci shekara talatin. Allah ya haskaka makwancin wannan waliyyi Shehinmu, ya sa mu a cikin albarkarsa, amin.