Kai Uku a Cikin Bargo

Akwai wani mutum da ake kira Sarkin Lodi, shi ke sa ido a kan leburori a wani babban sito. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, sai dai cika baki kamar gadonsa ya yi. Duk abin da wani ya ce da wuya, a wurinsa shan ruwa ne. Ga shi ba ya barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Matarsa tana aiki a kantin magani. Da aka mayar da ita aikin yamma na wata guda, sai ta ce za ta kira yayarsa ta zo ta riƙa kwantar da yara. Jin haka Sarkin Lodi ya ajiye cokali. Yayar nan ita ta goye shi, kuma har gobe a gaban mutane take tambayarsa ko ya wanke bayan kunne. In ta zo kuwa, ɗan ɗakinsa na kallon ƙwallo ya zama nata.

Ya ɗaga murya yadda duk 'yan gidan hayar za su ji, ya ce, "Haba maman yara. Ƙarti arba'in nake juyawa a sito. Buhu dubu nake ƙirgawa da ido. Yara uku ne za su gagare ni?"

Ta ce, "Buhu ba ya gudu, maigida."

"Ki ba ni yau kaɗai. In kin dawo ƙarfe tara ba ki tarar da 'ya'yanki uku suna barci a gadonsu ba, ki kira Yaya, ni zan ɗauko mata jaka."

Ta fara yi masa bayanin wanda ake fara yi wa wanka da wanda ba ya barci sai an shafa masa baya, ya katse ta da "na sani, na sani." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Yaran su ne 'Yar-baba mai shekara bakwai, sai Fara mai biyar, wanda tsalle ya ja masa sunan, sai Auta mai uku. Ƙarfe bakwai ya tara su kamar masu jiran lodi, ya ce wanka, goge baki, gado. Kafin ya juya ya ɗauko tawul, Auta ya tuɓe ya arce tsakar gida tsirara. Ya kamo Auta, Fara ya haye bayan kujera yana tuƙa mota. Ya sauko da Fara, 'Yar-baba ta matse man goge baki a kan madubi, wai tana rubuta sunanta. Wannan ƙishirwa, wancan fitsari, wanda ya yi fitsarin kuma ƙishirwa ta dawo.

Sai dabara ta zo masa. A sito, lebura in ya gaji ko a kan buhu barci yake. Don haka ya ce a fito tsakar gida a yi wasan ɓuya har su yi laushi. Ɗan tela maƙwabcinsu, sa'an Fara, da ya ji ihu shi ma ya shigo wasan. Aka yi zagaye bakwai. Wanda ya yi laushi shi ne Sarkin Lodi, yana dafe da ƙugu yana haki. Ana cikin na takwas aka ɗauke wuta, wayarsa kuma saura ƙiris ta mutu.

Nan haƙurinsa ya ƙare. Ya bi duhu yana lalube. Ya cafko Auta a bayan randa, 'Yar-baba a gindin igiyar shanya, ya damƙo na ukun a ƙarƙashin benci. Ya tasa su banɗaki, ya sheƙa musu ruwa, ya zura wa kowa rigar barci.

Na ukun ya ce, "Baba, ni fa..."

"Shiru."

'Yar-baba ta ce, "Baba, ai wannan..."

"Duk wanda ya ƙara cewa uffan, a baranda zai kwana da sauro."

Ɗaki ya yi tsit. Ya ja musu bargo, ya bi da tafin hannu yana taɓa kawuna. Ɗaya, biyu, uku. Lodi ya cika. Ya fito ya ja kujera ya harɗe a ƙofa, yana jin kansa kamar wanda ya ci yaƙi.

Ba a jima ba matar tela ta fito da fitila tana kiran ɗanta. Ta leƙa banɗaki, ta leƙa waje, babu. Tela ya rufe shago ya shigo, mai gadi da sauran maƙwabta suka taru. Tela ya ce, "Malam, ko yaron ya bi naka ciki?"

"Wane ciki? Ni da hannuna na ƙirga. Uku ne, nawa ne, sun yi barci tun ɗazu. Shawara nake ba ku, ku riƙa sanin inda 'ya'yanku suke kafin duhu."

Matar tela ta fara hawaye. Ana shirin bazuwa cikin unguwa sai ga maman yara ta dawo, a daidai lokacin aka kawo wuta. Ta ji abin da ake ciki, ta ce bari ta tashi Fara ta tambaye shi, tunda tare suke wasa. Sarkin Lodi ya wangale ƙofa da kansa, ya ce kowa ya zo ya ga aikin maza. Mutane suka cika bakin ƙofa. Ta yaye bargo.

Ga 'Yar-baba, ga Auta, ga ɗan tela a tsakiya cikin rigar barcin Fara, yana ta sharar barci.

Maman yara ba ta yi dariya ba. Ta juyo a hankali ta ce, "Ina ɗana?"

'Yar-baba ta buɗe ido ɗaya, ashe tun ɗazu likimo take, ta ce, "Yana cikin buhun ƙyallayen tela a lungu. Na so in faɗa, Baba ya ce zan kwana da sauro."

Can aka zaro Fara, lafiya lau, zare duk a ka, yana murza ido yana tambaya ko shi ya ci wasan.

Tela ya saɓa ɗansa a kafaɗa ya ce, "Mun gode da wanka, Malam. Gobe ƙarfe nawa zan kawo shi?"

Tsakar gida ta kwashe da dariya. Maman yara ta ciro waya a gaban kowa, ta danna, ta miƙa masa. "Ga Yaya. Faɗa mata da bakinka."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada ka raina aikin da ba ka taɓa sa hannu a ciki ba, don kawai kana ganin wani yana yinsa kullum ba ya ƙorafi. Kuma in ana yi maka magana, ko yaro ne, ka bari ya kai ƙarshe. Da Sarkin Lodi ya saurari kalma uku daga bakin ɗan shekara biyar, da bai kwashe wata guda yana jin ƙwallo a rediyo a baranda ba.