Tsarabar da Kogi Ya Kai wa Teku

Dalilin da ya sa, yara, inda kogi ke shiga teku kuke ganin jan ruwa yana bin gefen gaɓa, ga shi.

A da can, Kogi ba ya zuwa gaida Teku hannu rabbana. Kullum da 'yar tsarabarsa ta laka da yashi. Sai wani maginin tukwane, Jatau, sarkin son banza, ya ce, "Laka mai kyau haka a kai wa Teku? Tukunya take ginawa?" Ya jera duwatsu ya datse Kogi. Ruwa ya riƙa tsallakewa, laka na kwantawa a bayan madatsa.

Teku ta ga Kogi na zuwa fayau, ba ko ƙwayar yashi. Ta yi fushi, ta fara gatsar gaɓa. Akwai wata tsohuwa, Barmani, mai bandar kifi a bakin ruwa. Teku ta cinye murhunta, ta cinye danga, saura ɗakin kwananta kawai.

Barmani ta ɗauki sanda ta bi Kogi sama, don ta ga abin da ya tare tsarabar Teku. Me za ta gani? Jatau ne tsundum cikin laka har ƙugu, ta cika masa tsakar gida.

"Sannu da arziki, Jatau!"

"Inna, bar zolaya, ja ni don Allah!"

"Sai ka saki tsarabar mutane."

"Na saki, wallahi na saki!"

Ta miƙa masa sanda. Suka taru suka ture duwatsun, laka ta shekara da shekaru ta kwarara gaba ɗaya. Teku ta yi jawur, kifi ya watse. Barmani ta koma bakin ruwa tana salati.

Amma Teku dariya take yi. "Kai, Kogi! Wannan ai ta fi ƙarfin cikina." Ta kira raƙuman ruwa ta ce, "Tsaraba ba a cinta a ɓoye. Ku bi gaɓa gida-gida ku raba wa maƙwabta, ku fara da ƙofar Barmani."

Kaɗan-kaɗan suka yi ta ɗauka suna ajiyewa. Ruwa ya washe, kifi ya dawo ya ninka. Ƙasar Barmani ta dawo har da ƙari, ta sake murhu, ta rangaɗa guɗa. Jatau ma an sam masa kwando ɗaya, yana ta godiya.

Shi ya sa har yau jan ruwan nan bai daina bin gaɓa ba. Rabon tsaraba ake yi, kuma har yanzu ba a kai gidan ƙarshe ba.