Alamar da Baba Mai Gilashi Bai Yi Ba

Akwai wani dattijo mai gyaran gilashin kyamara, irin kyamarorin da ake sa wa fim, wanda kowa a layinsu ke kira Baba Mai Gilashi. Labarin nan ya fara ranar Laraba da ƙarfe goma na safe, a shagonsa mai taga ɗaya, tsakanin mai ɗinkin takalma da mai sayar da fenti.

Shagon ƙarami ne amma tsaf yake. Farin ƙyalle a kan tebur, sukudirebobi a jere daga babba zuwa ƙarami, da murafen kwalba inda yake zuba ƙananan kusoshi. Baba gwani ne, kuma ya san shi gwani ne. Idan ka miƙa masa gilashi, tun bai karanta rubutun jikinsa ba, daga nauyinsa da launin da yake yi a hasken taga zai gaya maka zamanin da aka ƙera shi.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne hannunsa na dama ya fara rawa.

A safiyar nan wani tsohon abokinsa ya shigo, autarsa tana riƙe da hannunsa. Mai ɗaukar hoto ne da ya daɗe da ajiye aiki. Ana ce masa Tsaya-Cak, saboda tsawar da yake daka wa mutane kafin ya danna kyamara.

"Mai Gilashi, kana nan da rai, ko warin giris ne kawai ya rage?"

"Ina nan, Tsaya-Cak. Shigo a hankali, kada ka yi mini ɓarna."

Tsaya-Cak ya lalubi benci ya zauna, ya ciro tsohuwar kyamararsa daga jaka.

"Likita ya ce ganin da ya tafi ya tafi, sauran ma yana kan hanya," in ji shi. "Yarana duka za su zo ranar Asabar da jikoki, Lahadi kowa ya kama gabansa. Ina so in ɗauke su hoto ɗaya da hannuna, na ƙarshe."

"Da wane idon za ka saita?"

"Da tef ɗin awo. Auta za ta auna daga kyamara zuwa hancinsu, in murɗa zoben nisa, ta duba mini in ya kai lambar. Lambobin jikin zoben nan ba su taɓa yi mini ƙarya ba. Sai dai ya ƙame, ya ƙi juyawa."

Baba ya gwada zoben. "Giris ne ya bushe. Aikin yara. Ku dawo Juma'a da yamma."

Bayan sun tafi ya fara warware gilashin. A cikinsa akwai bututu biyu da ke murɗe a juna kamar kwalba da murfinta. Bambancin shi ne murfin kwalba baki ɗaya gare shi, amma waɗannan suna da bakunan shiga da yawa, kuma ɗaya ne kawai daidai. In ka mayar da su ta wani bakin, zoben zai juya lafiya, amma lambobin nisan duk za su zama ƙarya. Shi ya sa duk mai wannan sana'a yake karta alama da allura a daidai wurin da bututun za su rabu, kafin ya bari su rabu.

Baba ya murɗa a hankali har ya ji sun kusa. Ya miƙa hannun hagu zai ɗauki allura. Sai na daman ya zabura shi kaɗai.

Bututu ɗaya ya mirgina kan farin ƙyalle, ɗaya yana hannunsa. Babu alama.

Ya wanke su, ya shafa sabon giris, ya fara gwada bakunan ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya haɗa, sai ya buɗe bayan kyamarar, ya manna takarda mai shara-shara a gurbin fim, ya auna ta wajen tankin ruwan da ke kan wani dogon gini can nesa. In haɗin ya yi daidai, tankin zai fito tarwai a jikin takardar. Amma sai ya fito kamar cikin hayaƙi. Ga shi rawar hannu ba ta barin sa ya tuna bakin da ya riga ya gwada, kuma sau biyu ya ji haƙoran ƙarfen suna neman cin juna.

Haka Alhamis ta wuce.

Juma'a da safe ya sami wani baki da zoben ya juya sumul, har da daɗi a hannu. Tankin ya kusa fitowa. Amma da ya auna ƙafa goma ya gwada, sai ya ga abin da ke baya ne ya fito, na gaba ya dushe.

Nan zuciyarsa ta fara yi masa magana. Tsaya-Cak ba ya gani. Auta ba ta san komai a kan kyamara ba. Fim kuwa ba ya nuna abin da ya ɗauka sai an wanke shi, lokacin yaran sun watse. Za a ce tsufan fim ne, ko hannun mai ɗauka. Wa zai ce Baba Mai Gilashi ne?

Har ya sa kyamarar a jakarta ya zuge. Sai a zuciyarsa ya hango abokinsa riƙe da hoton da bai fito ba, yana tambayar 'yarsa, "Ya yi kyau?" ita kuma tana cewa, "Ya yi, Baba."

Ya ɗauki jakar ya kulle shago.

Mutum ɗaya ya sani mai hannun da zai iya aikin. Shekaru da yawa da suka wuce yana da wani mai koyon sana'a, ana ce masa Dogo. Wata rana Dogo ya raba bututu bai yi alama ba, Baba ya kore shi a gaban jama'a, ya ce ba shi da kan wannan aiki. Yanzu Dogo magidanci ne, har da furfura a gemu, yana gyaran wayoyi a wata rumfa bayan tashar mota. Tun ranar ba su sake magana ba, sai gaisuwar nesa.

Da Dogo ya hango shi, ya miƙe da sauri ya goge kujera.

"Maigida! Lafiya dai?"

Baba bai zauna ba. Ya ajiye jakar a kan tebur, cikin tarkacen wayoyi.

"Na raba bututu ban yi alama ba."

Dogo ya dubi jakar, ya dubi hannun da ke karkarwa a kanta, sannan ya kawar da kai.

"Maigida, ni da na yi wannan, har takalmana aka jefo mini waje."

"Na tuna."

"Ƙafa ɗaya ma a rufin mai fenti ta sauka. Da silifa ɗaya na je gida."

"Na tuna, Dogo. Ban kyauta ba. Ba don kaina na zo ba, na Tsaya-Cak ne, kuma gobe zai ɗauki yaransa. Idona yana nan, kaina yana nan, hannun ne ya ƙi."

Dogo ya yi dariya, ya fara tattara wayoyin yana zubawa a akwati.

"To ai an dace. Ni hannu ne da ni, kan ne kuka ce babu."

Suka koma shago tare. Dogo ya zauna a kujerar da a da ko taɓa ta ba ya yi. Duk bakin da ya gwada sai ya ɗiga masa alama, don kada a maimaita. Baba yana tsaye a taga da kyamara, ido a jikin takarda.

"A'a. Na gaba."

"Wannan fa?"

"Ya matso. Kada ka danna, bari shi ya kama da kansa."

Wajen la'asar Baba ya sake leƙawa. Tankin ya fito har ana iya ganin tsatsar da ke gefen tsaninsa. Suka auna ƙafa goma zuwa ƙofar mai takalma, zoben ya tsaya a kan goma, ƙofar ta fito ras.

"Ka iya," in ji Baba, murya ƙasa ƙasa.

Dogo ya sunkuyar da kai yana goge yatsunsa, har ya wuce lokacin da goge yatsu ke buƙata.

Da Tsaya-Cak ya zo karɓa, Baba ya gaya masa yadda aka yi, bai rage komai ba.

"Wane Dogon? Wanda ka kora?" Tsohon ya lalubo hannun Dogo ya riƙe. "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Shi kuwa wannan, ka ci gaba da haƙuri da shi, haka muka gan shi tun yana da gashi."

Ranar Asabar aka jera yara da jikoki a tsakar gida. Auta ta ja tef, ta duba lamba. Tsohon ya daka tsawarsa, "Ku tsaya cak!" sannan ya danna.

Bayan an wanke fim, Auta ta kawo mahaifinta shagon da hoton a hannunsa. Ya miƙa wa Baba.

"Ita wannan tausayina take ji. Kai ka gaya mini gaskiya."

Baba ya kai hoton jikin taga. Ya fara daga hagu yana faɗar abin da yake gani: babban ɗa da gilashinsa, har zanen hularsa ana ƙirgawa, 'yar da ke riƙe da jariri, surukin da ya rufe ido ɗaya. Kowa ya fito tarwai, sai wani ɗan jika a gaba da ya zama kamar iska.

"Wannan ja'irin ya motsa."

"Mai kunnuwan nan ne, na sani!" Tsaya-Cak ya yi dariya har da hawaye. "Ni ya gado. Ba ni hoton in riƙe."

Yaran sun koma inda suka fito, kowa da kwafinsa. Waɗanda suka rage su ne Tsaya-Cak, wanda yanzu kusan kullum yana kan bencin shagon yana tsokanar masu wucewa. Da Auta mai kawo shi. Da Dogo, wanda ke rufe rumfarsa da rana ya zo ya zauna a tebur. Da Baba Mai Gilashi, tsaye a taga, yana cewa "A'a," ko kuma "Ya yi."

Darasi: Kuskuren da ka ƙi yafe wa na ƙasa da kai yana iya jiran ka a gaba, don haka ka yi gyara da sauƙi tun kana da ƙarfi. In kuma ka gaza, faɗin gaskiya da neman taimako ya fi rufa wa kanka asiri da cutar wanda ya amince da kai. Ku tura wannan labari ga wani, wataƙila akwai ƙofar da ya daɗe yana jin nauyin ƙwanƙwasawa.